Wi-Fi lafiya lau a Windows, amma a Linux Mint wata rana ya zo, wata rana ya ɓace

Dalibin_Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman taimako. Laftof ce mai Windows 11, na raba faifanta na ɗora Linux Mint 22 a gefe, idan na kunna sai in zaɓi wanda zan shiga. A Windows, Wi-Fi ba ya ba ni matsala ko kaɗan. A Mint kuwa abu biyu ne ke faruwa. Na farko, wani lokaci babu Wi-Fi ɗin gaba ɗaya, ko jerin sunayen netwok ba ya fitowa. Na lura hakan ya fi faruwa idan daga Windows na fito. Na biyu, ranar da ya fito zai haɗu da MiFi, ya yi 'yan mintoci, sai ya yanke ko ya yi nauyi har shafi ya kasa buɗewa. MiFi ɗin na kan teburi ɗaya da laftof, kuma wayata tana kansa tana aiki lafiya. Katin Wi-Fi na cikin laftof ɗin ne ya fara mutuwa, ko Mint ɗin zan sauke in sake ɗorawa?

Malam_Sudo:
Wa alaikumus salam. Kada ka sauke komai tukuna. Katin da ke aiki lafiya a Windows bai mutu ba, kuma abin da ka bayyana ciwo biyu ne daban, kowanne da maganinsa. Kafin a yi maka rubutun magani sai an san wane kati ne a ciki, domin sunan laftof ba ya nuna hakan: samfuri ɗaya kan zo da katin Intel a wata, da na Realtek ko MediaTek a wata. Buɗe Terminal a ranar da Wi-Fi ya ɓace, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ka kawo mana abin da suka fitar:

`lspci -nnk | grep -iA3 net`
`rfkill list all`
`uname -r`
`sudo dmesg | grep -iE "rtw|iwl|mt79|firmware"`

Na farkon zai faɗi sunan katin da direban da ke riƙe da shi, wato manhajar da ke sarrafa katin. Na biyu zai nuna ko an toshe shi. Na uku lambar kanel ce, wato zuciyar tsarin Linux. Na huɗu shi ne inda katin ke kai ƙorafinsa.

SaurinKamarWuta:
Ɗan'uwa ka sayi ɗan ƙaramin Wi-Fi na USB ka soka, ka huta da wannan wahalar.

Hajiya_Kanel:
@SaurinKamarWuta wannan shawarar tana iya ƙara masa aiki. Yawancin ƙananan na USB masu arha da ke kasuwa su ma Realtek ne a ciki, wasunsu ma direbansu bai zo cikin kanel ba, sai an haɗa shi da hannu. Wanda zai saya ya fara soka shi a shago ya rubuta `lsusb` ya ga lambar, ya tabbatar Mint ya gane shi kafin ya biya. Amma ba a kai nan ba tukuna.

Dalibin_Lissafi:
Na gode Malam. Ga abin da ya fito yau da ya ɓace:

`Network controller [0280]: Realtek Semiconductor Co., Ltd. RTL8821CE 802.11ac PCIe Wireless Network Adapter [10ec:c821]`
`Kernel modules: rtw88_8821ce`

Kanel 6.8 ne. A rfkill Bluetooth kaɗai na gani, duka layukansa biyu sun ce no. A dmesg akwai layin da ke cewa `failed to power on mac`.

Malam_Sudo:
Madalla, yanzu magana ta fito fili. Ka lura da abin da babu a cikin abin da ka kawo: layin `Kernel driver in use`. Wato kwamfuta ta ga katin, ta san direban da ya dace da shi, direban ya yi ƙoƙarin tada katin ya kasa, sai ya sake shi. Shi ya sa ma Wi-Fi bai bayyana a rfkill ba. Idan aka haɗa wannan da abin da ka faɗa cewa ya fi faruwa bayan ka fito daga Windows, wanda za a fara tuhuma shi ne Fast Startup.

Tun daga Windows 8 a 2012, idan ka danna Shut down, Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya. Yana rufe manhajojinka ya fitar da kai daga asusunka, amma zuciyar tsarin da direbobi sai ya ajiye su cikin wani fayil mai suna hiberfil.sys, domin gobe ya tashi da sauri. Ya bar na'urorin ciki a yanayin da yake sa ran shi ne zai dawo ya same su. Kamar mai shago ne ya tashi ya kulle ya tafi da makulli, kai kuma ka zo da niyyar buɗewa. Sai Mint ya tarar da katin a wani barcin da ba shi ya sa shi ba.

Yadda za ka kashe shi: shiga Windows, buɗe Control Panel, sai Power Options, sai Choose what the power buttons do. A saman shafin danna Change settings that are currently unavailable, sannan ka cire alamar da ke kan Turn on fast startup, ka danna Save changes. Daga nan ka kashe kwamfutar da Shut down, ka ɗan jira, ka kunna ka shiga Mint.

Wata alama da za ta tabbatar maka: idan a Mint ka taɓa buɗe ɓangaren faifan Windows ka ga kana iya karanta fayil amma ba ka iya ajiye komai a ciki, shi ma aikin Fast Startup ne.

Injiniya_Tsohon_Hannu:
Ba sai ya sha wannan zagayen ba. Restart ba ya amfani da Fast Startup. Ya riƙa danna Restart daga Windows ya zaɓi Mint, shi ke nan.

Hajiya_Kanel:
Injiniya, rabin maganarka daidai ne. Gaskiya Restart yana rufe Windows gaba ɗaya, ba ya ajiye komai a hiberfil.sys. Amma Restart ba ya ɗauke wa katin wuta. Ƙaramar manhajar da Windows ya loda a cikin katin da saitin da ya yi masa suna iya zama a nan har Mint ya tashi ya same su. Don haka akwai kwamfutocin da Restart ke gyara musu, akwai kuma waɗanda Restart ɗin ne ke jawo musu ɓacewar. Abin da ke aiki a duka biyun shi ne a kashe Fast Startup kuma a riƙa yin cikakken Shut down tsakanin tsarin biyu. Wanda ke son gwadawa sau ɗaya ba tare da ya canza saiti ba, ya danne Shift yayin da yake danna Shut down, wannan ma cikakkiyar kashewa ce.

Injiniya_Tsohon_Hannu:
Na yarda da batun wutar katin, Hajiya. To in dai haka ne a ƙara masa da wannan: idan katin ya riga ya maƙale, ko cikakkiyar kashewar ba lallai ta sake shi ba, saboda batir na ci gaba da ba wasu sassa wuta. Ya kashe, ya zare caja da duk abin da ke jikin USB, ya danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 zuwa 60, sannan ya kunna. Idan batirin mai cirewa ne ya cire shi kafin ya danne. Katunan MediaTek irin su MT7921 sun yi suna wajen wannan maƙalewar, har a Windows ɗin ma sukan ɓace sai an yi musu haka.

Mai_Gyaran_Allo:
Hanya mafi gajarta: buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka rubuta `powercfg /h off`. Yana goge hiberfil.sys, Fast Startup ya tafi tare da shi, ka kuma samu ƙarin wuri a faifai. Amfaninsa a kan cire alamar nan shi ne ya fi ɗorewa, domin bayan babban sabuntawar Windows yana da kyau mutum ya koma ya duba ko alamar ta dawo.

Yar_Zinder:
Amma ku faɗa masa abin da zai rasa. Wannan umarnin yana tafiya da Hibernate gaba ɗaya. Mai raunin batir da ke zaune inda ake yawan ɗauke wuta yana amfana da Hibernate, domin shi ne ke ajiye aikinka idan batir ya kusa ƙarewa. Ni a ganina cire alamar ya isa.

Malam_Sudo:
Maganar Malama @Yar_Zinder tana kan hanya, sai dai da sharaɗi ɗaya mai nauyi. Idan ka bar Hibernate, to duk ranar da Windows ya shiga Hibernate, dole Windows ɗin za ka zaɓa idan ka kunna, ba Mint ba. Shiga Mint a wannan halin zai dawo da ɓacewar katin, kuma abin da ya fi wannan muni, idan aka tilasta rubutu a ɓangaren faifan da Windows ke ganin yana hannunsa, fayiloli na iya lalacewa. Wanda ya san zai manta, `powercfg /h off` ya fi masa aminci.

Yanzu ciwo na biyu, wato yankewa bayan an haɗu. Wannan galibi tsimin batir ne. Mint na sa katin ya riƙa gyangyaɗi tsakanin saƙo da saƙo, wasu katunan kuma ba sa farkawa da kyau. Ranar da Wi-Fi ke aiki, duba sunan katin da `iw dev`, zai zama wani abu kamar wlo1 ko wlp2s0. Sai ka rubuta `iw dev wlo1 get power_save`, ka sa sunan naka a wurin wlo1. Idan ya ce on, buɗe wannan fayil ɗin:

`sudo nano /etc/NetworkManager/conf.d/default-wifi-powersave-on.conf`

Za ka ga `wifi.powersave = 3`. Mayar da 3 ɗin ya koma 2. Uku na nufin a kunne, biyu na nufin a kashe. Ajiye da Ctrl+O, fita da Ctrl+X, sannan `sudo systemctl restart NetworkManager`.

Hajiya_Kanel:
Wannan mataki ne na sama. Direban rtw88 yana da nasa barcin guda biyu a ƙasa, waɗanda NetworkManager, manhajar da ke kula da haɗin netwok a Mint, ba ya taɓawa kai tsaye: barci mai zurfi na cikin katin, da tsimin wutar layin PCIe da ake kira ASPM. Idan a dmesg kana ganin `firmware failed to leave lps state` a daidai lokacin da ya yanke, su ne. Ƙirƙiri sabon fayil:

`sudo nano /etc/modprobe.d/rtw88.conf`

ka sa layi biyu a ciki:

`options rtw88_core disable_lps_deep=y`
`options rtw88_pci disable_aspm=y`

Ajiye, ka kashe kwamfutar ka kunna. Don ka tabbatar ya kama, rubuta `cat /sys/module/rtw88_pci/parameters/disable_aspm`, ya kamata ka ga Y. Batir zai ɗan fi saurin sauka, wannan shi ne kuɗin da za ka biya.

Roƙona gare ka, ƙanena, kada ka yi duka a lokaci guda. Fara da Fast Startup ka yi amfani da kwamfutar kwana ɗaya ko biyu. Sannan na NetworkManager. Sannan wannan. In ka zuba su duka tare ya gyaru, ba za ka san wanne ya yi aikin ba, kuma ranar da ya dawo za ka koma farko.

KodaGaske:
Ai akwai direba na musamman na wannan katin, `sudo apt install rtl8821ce-dkms`. Shi ake ta bayarwa a bidiyoyin koyarwa.

Malam_Sudo:
@KodaGaske waɗancan bidiyoyin na zamanin da kanel bai san katin ba ne. Tun daga jerin 5.9 aka fara shigar da 8821CE cikin rtw88, shi kuwa yana kan 6.8. Ɗora wancan a kan wannan na iya haifar da direba biyu suna jan kati ɗaya, ko kuma a toshe na cikin kanel da fayil ɗin blacklist, sannan na wajen ya kasa lodawa, a tashi babu ko ɗaya. Dalilin kasa lodawar shi ne Secure Boot, tsaron da ke hana loda abin da ba shi da amintaccen sa hannu: direban da aka haɗa a kan kwamfutarka ba shi da sa hannun da Secure Boot ya sani, sai an yi masa rajistar makulli a shuɗin allon da ake kira MOK da ke fitowa bayan an sake kunnawa. Mutane da yawa sukan danna Continue boot su wuce allon ba su san abin da ya tambaya ba.

@Dalibin_Lissafi idan ka taɓa gwada irin wannan a baya, faɗa mana. `dkms status` da `grep -r rtw88 /etc/modprobe.d/` za su nuna.

SaurinKamarWuta:
To a kashe Secure Boot ɗin a BIOS mana.

Mai_Gyaran_Allo:
A yi hattara da wannan. Laftof da yawa masu Windows 11 suna zuwa da BitLocker, mai kulle fayilolin faifai da makullin sirri, a kunne ba tare da mai ita ya sani ba. Ka taɓa Secure Boot, Windows na iya tsayawa ya nemi makullin ceto mai lamba 48. In ta hannu ka saya kuma makullin na cikin asusun Microsoft na wanda ya sayar, ka shiga uku da fayilolinka. Kafin a taɓa komai a BIOS, a buɗe Command Prompt na administrator a rubuta `manage-bde -status`. Idan a kunne yake, a fitar da makullin da `manage-bde -protectors -get C:` a rubuta shi a takarda. Shi dai mai tambaya ba ya buƙatar taɓa Secure Boot, domin direbansa na cikin kanel ne kuma da sa hannunsa ya zo.

Bakon_Dandali:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni Ubuntu ne, katina kuma Broadcom BCM43142, lambarsa 14e4:4365. Wi-Fi bai taɓa fitowa ba tun da na ɗora. Fast Startup ne ni ma?

Hajiya_Kanel:
A'a, naka daban ne, tunda bai taɓa fitowa ba ko sau ɗaya. Wannan katin yana buƙatar direban kamfanin, wanda ba ya zuwa cikin kanel. Za ka buƙaci intanet kafin ka samu intanet, hanyar kuwa ita ce wayarka: haɗa ta da kebul ɗin USB mai ɗaukar data, ba na caji kaɗai ba, ka kunna USB tethering a saitin wayar, Ubuntu zai ɗauke ta kamar an soka kebul ɗin netwok. Sai `sudo apt update`, ka buɗe Additional Drivers ka zaɓi na Broadcom. Kai ne wanda bayanin Malam kan allon MOK ya shafa. `mokutil --sb-state` zai gaya maka ko Secure Boot na kunne. In yana kunne za a nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri lokacin ɗorawa, bayan ka sake kunnawa ka zaɓi Enroll MOK ka shigar da ita.

Yar_Zinder:
Tunda ana maganar tsarin biyu a kwamfuta ɗaya, @Dalibin_Lissafi ka duba agogonka. Linux na ajiye lokacin UTC, wato lokacin ma'auni na duniya, a agogon cikin kwamfuta, Windows kuma yana karanta shi a matsayin lokacin gari. A Nijar da Najeriya muna gaban UTC da awa ɗaya, don haka bayan ka fito daga Mint za ka ga Windows ya koma baya da awa guda. A Mint ka rubuta `timedatectl set-local-rtc 1 --adjust-system-clock`. Zai yi gargaɗi, amma gargaɗin ya fi shafar ƙasashen da ke canza agogo da rani da hunturu, mu ba ma yi.

Zangon_Kumasi:
Mu a Ghana lokacinmu daidai yake da UTC, don haka wannan ba ya bayyana a nan. Sai dai ban ga alaƙarsa da Wi-Fi ba. Bambancin awa ɗaya ba ya hana haɗuwa da MiFi.

Yar_Zinder:
Ba ya hanawa, Yaya, gyara ne na gefe. Inda agogo ke shiga maganar intanet da gaske shi ne idan ƙaramin batirin da ke riƙe da agogon allon ciki ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya. Nan Wi-Fi zai nuna ya haɗu, amma burauza ta ƙi buɗe shafuka tana ƙorafin takardar shaida. Mutum sai ya ɗauka netwok ne.

Injiniya_Tsohon_Hannu:
Wannan ya kawo mu ga abin da ba a tambaye shi ba. Idan ya ce ya yanke, me ya yanke? Alamar Wi-Fi ce ta faɗi, ko tana nan shafuka ne suka tsaya? A lokacin da abin ya faru ya gwada uku a jere. `ip route` zai ba shi adireshin MiFi, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ya yi masa `ping -c 5`. In wannan ya kasa, matsalar tsakanin kati da MiFi take. In ya yi, sai `ping -c 5 8.8.8.8`. In wannan ya kasa, sabis ɗin layin ne. In ya yi amma `ping -c 5 google.com` ya kasa, DNS ne, wato abin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshinsa, katin ba ruwansa.

Sannan ya shiga shafin saitin MiFi ya cire zaɓin tasha daga Auto ya tsayar da ita a 1, 6 ko 11. Duk lokacin da na'urar ta mutu ta tashi tana iya zaɓar wata tasha, in ta faɗa 12 ko 13 kuma katin yana bin dokar Amurka, ba zai gan ta ba sam. `iw reg get` zai nuna ƙasar da ya ɗauka.

Malam_Sudo:
Gwajin ping ɗin nan a riƙe shi, yana da amfani. Batun tasha kuwa yana bayanin MiFi ɗaya ya ɓace daga jeri alhali na maƙwabta na nan. Nasa jerin ne gaba ɗaya babu, kuma dmesg ya riga ya faɗi dalili.

Dalibin_Lissafi:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ga inda aka kwana. Na kashe Fast Startup, na yi danne maɓallin da Injiniya ya ce, tun daga nan Wi-Fi bai sake ɓacewa ba, ko daga Windows na fito, muddin Shut down na yi. Ban taɓa ɗora dkms ba. Na mayar da powersave 2, na kuma sa layukan Hajiya, yankewar ta ragu sosai. Abin da ya rage: idan na haɗa abin sauraro na Bluetooth, sai gudun ya faɗi, ping zuwa MiFi ɗin kansa yana ɓata wasu. A Windows ban lura da hakan sosai ba. `iw dev wlo1 link` yana nuna signal -62 dBm, freq 2437.

Hajiya_Kanel:
2437 tasha ta 6 ce a zangon 2.4 GHz, Bluetooth kuma a wannan zangon yake aiki. RTL8821CE kati ɗaya ne mai ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth, kuma a laftof masu eriya guda dole su riƙa karɓa-karɓa a kanta. Direban kowane tsari da yadda yake raba musu lokaci, shi ya sa kake ganin bambanci. Katinka yana jin 5 GHz. Idan MiFi ɗinka yana da shi, kunna shi ka ba shi suna daban ka haɗu da wannan. In ba shi da shi, gwada da hotsifot ɗin waya a kan 5 GHz don ka ga ko faɗuwar za ta tsaya.

Mai_Gyaran_Allo:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne -62 alhali suna kan teburi ɗaya. A wannan kusancin ya kamata a ga tsakanin -30 da -45, domin yadda lambar ta fi kusa da sifili haka sigina ta fi ƙarfi. Ina zargin eriya: ko ɗan kan wayar da ke maƙale a jikin katin ya saki, ko wayar ta gutsure a wajen mahaɗar murfi inda take wucewa zuwa bayan allo. A buɗe bayan laftof a cire haɗin batir, a duba. Ana danna kan ne a tsaye da farce har ya yi ƙas, ba a murɗa shi, yana da saurin karyewa. In aka buɗe kuma ramin da katin ke zaune a ciki nau'in M.2 2230 ne, mafita ta dindindin ita ce a canza katin da Intel AX200, direbansa iwlwifi yana cikin kanel. A kula kada a sayo AX201, shi sai da wasu na'urorin sarrafawa na Intel yake aiki.

Injiniya_Tsohon_Hannu:
AX200 eriya biyu yake so. In laftof ɗinsa waya ɗaya aka ja mata, sai ya sayi ta biyu ya ja ta, in ba haka ba Bluetooth ɗin ne zai raunana. Wasu tsofaffin samfura kuma BIOS ɗinsu ba ya karɓar katin da ba ya cikin jerinsa. Kuma Intel ma bai tsira daga Fast Startup ba, shi kuskurensa a dmesg yakan fito da lamba -110. Ban ga dalilin kashe kuɗi ba tun ba a gwada 5 GHz ba.

Malam_Sudo:
Kafin a ɗauko sukundireba, a auna a ɗaya ɓangaren. @Dalibin_Lissafi ka bar laftof da MiFi a inda suke, ka shiga Windows, ka rubuta `netsh wlan show interfaces` a Command Prompt, ka kawo mana layin Signal da na Channel. Shi da kaso cikin ɗari yake bayarwa. In ya nuna 95 zuwa sama, eriyarka lafiya take, maganar ta koma kan direba. In ya tsaya wajen 70 ko 80, Mai_Gyaran_Allo na da hujjar a buɗe. Ka kuma sake ɗaukar na Mint sau biyu, ɗaya Bluetooth a kashe, ɗaya a kunne.